Awon Tsaga

A Parkfield gada ta karkace,
ba mota ce ta buge ta ba.
Ƙafarta ɗaya na kan falalen teku,
ɗayar na kan falalen tudu,
kowanne ya kama gabansa
ba sallama, ba waiwaye.

Wendell Ybarra ya nuna mini shingensa
da bakin sanda:
"Kakana ya kafa shi a miƙe kamar zare.
Dubi yanzu."
Na duba. Turaku goma sun yi arewa,
sauran sun ƙi bi.
Shanunsa na ta tuƙa, ko a jikinsu.

Ni aikina sauraro ne.
Mun zura kunnen ƙarfe a rijiya,
can ƙasa da inda saiwa ke kaiwa,
ina zaune da shayin da ya huce
ina jiran wani ɗan guri ya yi tari.

Faɗinsa bai kai filin ƙwallo ba,
kilomita uku a ƙarƙashin takalmina.
Duk kewayensa dutse na silalewa,
sannu ba ta hana zuwa,
shi kaɗai ya cije, ya tirje
kamar akuyar da ake ja kasuwa.
Shekara biyu da wata tara
sai igiya ta fi ƙarfinsa, ya zabura,
taku ɗaya tak, ya sake kafewa.
Kofi bai motsa a kan tebur ba,
kare bai ɗaga kunne ba,
amma na'ura ta rubuta.

Na ɗauko zanen bana na ɗora kan na baya,
ƙugiya kan ƙugiya, gwiwa kan gwiwa,
sai ka ce mutum ɗaya ya sa hannu sau biyu.
Da girman tarin, da tazarar da ke tsakani,
nake auna tafiyar da ido bai gani ba:
kwatankwacin farcen da zan yanke in zubar
kafin azumi ya zagayo.

Babana magini ne a Gumel.
In bango ya tsage ba ya gaggawar yaɓe.
Tsinken tsintsiya yake sokawa,
ya dawo bayan kasuwa uku.
In tsinken ya faɗi, to tsaga na tafiya.
Na ƙetare teku, na sha karatu har na ƙoshi,
ashe tsinkensa na zo sokawa.

Duk Lahadi biyu yakan bugo waya,
tambaya uku, ba ragi ba ƙari:
"Kuluwa, kin ci? Da sanyi? Yaushe?"
Ni ma tawa ba ta sauyawa:
"Na ci. Da sauƙi. An kusa."
Shekara shida ke nan.
Wannan kam ban taɓa zama na lissafa ba,
na san abin da zai fito.

Kudu da nan akwai inda tsagar ta yi gum.
Ba tari, ba gyaran murya,
tun kafin a haifi kakan Wendell.
Masu wucewa na cewa can ne lafiya.
Mu da ke riƙe da littafin mun sani,
bashi hanji ne, yana cikin kowa,
har dutse.
Mai biya da kwabo-kwabo bai hana ni barci.
Mai shirun nan nake tsoro,
don ranar da zai biya, gaba ɗaya zai zube.

Lahadi biyar ke nan wayar na kwance.
Ƙanena Mudi ya rubuto:
"Lafiya lau, ya ɗan kwanta ne."

Ƙarfe tara na dare a nan.
Can an idar da asuba, kaji sun sauko.
Allon gabana layi ne miƙe, ko gezau.
Na ture shayin, na danna lambar da kaina.
Tana ƙara.
Ɗaya. Biyu.
Ina ƙirga tazara.